Yarinyar da ke Hoton Shafi na Shida Ba 'Yata Ba Ce

Zuwa ga:
Maigirma Darakta,
Sashen Duba Makarantun Firamare.

Daga:
Mahaifin ɗaliba mai lambar rajista 417, Aji Uku,
Ma'aikaci a ɗakin karatu na jama'a, teburin karɓar jaridu da mujallu.

Kwanan wata: Litinin, 10 ga Nuwamba.

Game da: Kulle 'yata a sito ranar ziyararki, sa wata yarinya a kujerarta da sunanta, da yunƙurin soke ta daga rajista ranar 19 ga wannan wata.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinki, ina neman izinin shigar da ƙorafi a kan hedimastan makarantar da kika ziyarta ranar Laraba, 8 ga Oktoba, wadda kika ba lambar yabo saboda kula da yara masu buƙata ta musamman. Na san takardu sun yi miki yawa, shi ya sa na jera maganata da lamba. Idan alƙalamina ya yi kaifi a wani wuri, ina roƙon afuwa tun yanzu. Sau uku ina sake rubuta wannan takarda, kuma wannan ce mafi ladabi a cikinsu.

1. 'Ya ɗaya gare ni, shekararta tara. Cikakken sunanta na kan kwafin katin rajistar da na haɗa. A gida Uwata nake kiran ta, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Tun tana shekara huɗu likita ya tabbatar mana tana da larurar da suke kira otizim, haɗe da ta rashin natsuwa da suke kira ADHD. Dangi ma sun yi nasu binciken ba tare da wahalar zuwa makarantar likitanci ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sangarta, gwaggona kuwa ta ce yawan karatuna ne ya faɗa wa yarinyar.

Uwata tana ji, tana ganewa, tana karatu fiye da yawancin 'yan ajinsu, sai dai magana na yi mata tsada. Ƙara mai ƙarfi na yi mata zafi yadda garwashi ke yi wa tafin ƙafa. Ba ta son a taɓa ta ba shiri. Ba ta cika minti goma a kujera sai ta tashi ta zaga ta dawo. Duk abin da aka faɗa mata kuma haka take ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari, don har yau ba ta san mutane na faɗin magana don kawai su kawar da mutum daga gabansu ba. Kullum tana sanye da abin toshe kunne shuɗi. A hannunta akwai tef ɗin awo rawaya na mahaifiyarta, wadda tela ce. Tana naɗe shi tana warwarewa, da haka take riƙe kanta idan duniya ta yi mata yawa.

2. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙan ta, ta rasu a watan Maris na bara waccan. Da ta gane ba tashi za ta yi ba, ba ta ɓata ƙarfinta wajen wasiyyar keken ɗinki da zannuwa ba. Littafin rubutu mai shafi tamanin ta cika da yadda ake zama da Uwata: yadda ake tashin ta, yadda ake gane tana jin ciwo alhali ba za ta faɗa ba, abin da ake yi idan ta fara kaɗa jiki, da abin da ba a yi. Da ta miƙa mini shi ta ce na karance littattafan duniya amma ban iya karanta 'yata ba, to ga fassara.

Hedimastan da nake ƙara abokina ne tun muna zama benci ɗaya a sakandare. Da kafaɗarsa aka ɗauki makarar matata. A zaman makoki ya dafa ni a gaban mutane, ya ce in kawo Uwata makarantarsa, 'yarsa ce, wanda ya taɓa ta ya taɓa ƙwayar idonsa. A watan Satumba na shekarar da ta rasu na kai ta. Ya roƙi aron littafin marigayiya na mako ɗaya don malamai su duba. Yau shekara biyu da wata biyu ke nan. A wurin aikina, wanda ya riƙe littafi mako uku muna aika masa takarda. Shi ban aika masa komai ba, saboda aboki ne.

Gaskiya ta wajabta in rubuta cewa shekara biyun farko sun yi kyau. Malamar ajinsu, wadda ta riƙe su tun aji ɗaya, ta karanta littafin, ta yi aiki da shi. Ta ba Uwata kujerar kusa da taga, ta bar ta tana tashi ta zaga bayan aji. A zango na biyu Uwata ta kira ta "malama" da bakinta. Bayan ni da marigayiya, ita kaɗai ce a duniya za ta miƙa hannu yarinyar nan ta saka mata tef ɗin a ciki. Ina roƙon ki riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

3. An sanar da iyaye zuwanki mako biyu kafin ranar. Hedimasta ya ce mini saboda Uwata za ki zo, ki ga yadda yarinya irinta ke karatu cikin sauran yara. Na wanke mata yunifom, na goge shi da kaina, har na ƙona bakin aljihu don zumuɗi. Na kai ta ƙofar aji da ƙarfe bakwai da rabi. Na nemi in tsaya ko a can baya ne, ya ce ofishinki ya hana iyaye halarta. Zan so in san ko haka ne.

Da ƙarfe ɗaya da rabi na dawo ɗaukar ta. Na tarar da ita zaune a kan matakalar bayan ginin, siket ɗinta jiƙe da fitsari, goshinta a kumbure, yatsunta biyu cushe a kunnuwanta. Babu tef, babu abin toshe kunne. Hedimasta ya ce hayaniyar baƙi ce ta firgita ta har ta yi karo da ƙyaure, kayanta kuma sun shige wani wuri a cikin rububi, za a nemo. Na yarda. Ranki ya daɗe, har haƙuri na ba shi, na ce Allah ya sa ba ta ɓata masa taro ba.

Washegari, Alhamis 9 ga Oktoba, da muka iso titin makarantar, ta toge a tsallake. Tun daga ranar ba ta sake taka harabar ba.

4. Aikina shi ne karɓar duk jarida da mujallar da aka aiko ɗakin karatu, in buga mata hatimi, in ba ta lamba, in kai ta kanta. Ranar Talata, 28 ga Oktoba, mujallar sashenki ta wata-wata ta zo teburina. A shafi na shida akwai hotonki, kin durƙusa kin rungume wata yarinya a kujerar kusa da taga. Abin toshe kunne shuɗi na kanta. Tef rawaya na hannunta, da ɗinkin jan zare a wajen inci na goma sha huɗu, inda marigayiya ta haɗa shi da ya tsinke. A ƙarƙashin hoton an buga sunan 'yata, daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Fuskar ce kawai ba tata ba.

Na karanta rahoton a tsaye. An yaba da "ci gaba mai ban mamaki" da yarinyar ta samu: ta zauna awa guda ba motsi, ta amsa tambayoyinki uku, ta karɓi runguma. An kuma yaba da wani ɗan littafi mai suna Jagoran Makarantarmu, wanda aka ce hedimasta ya wallafa "bayan dogon nazari da gogewa". An tsakuro layi biyar daga cikinsa. Na san layukan. Ina zaune a bakin gadon asibiti aka rubuta su, ni nake riƙe da murfin biron.

Na buga wa mujallar hatimi, na ba ta lamba, na kai ta kanta. Ban san me kuma ake yi da irin wannan abu ba.

5. Ranar Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar, dattijuwar da ke sharar makarantar ta yi sallama a gidana. Ta ce abin ya hana ta sukuni. Na gargaɗe ta cewa zan rubuta, kuma aikinta na iya tafiya. Ta ce in rubuta, ai datti bai ƙare a duniya ba, duk inda ta je da tsintsiyarta za ta samu na sharewa. Ga abin da ta shaida mini.

A makarantar akwai abin da suke kira gyaran ranar baƙi. Ana gobe ziyara, ana kwashe duk benci mai karyayyar ƙafa, da allon da ya tsage, da bokitin da ya huje, a zuba su a sito a kulle har baƙi su tafi. Hedimasta kan ba ta takardar abubuwan da za a kwashe. Ta kawo mini ta wannan karon, na haɗa kwafinta. Rubutun hannunsa ne, na san shi tun muna satar amsar juna. Benci goma sha ɗaya, allo biyu, bokiti uku. A layin ƙarshe an rubuta 417.

Akwai wasu yara huɗu a makarantar da ba sa iya zama wuri ɗaya. Su an aika wa iyayensu cewa ba karatu ranar, kowa ya zauna gida. Uwata ba a iya yi mata haka ba, don ubanta ya san da ziyarar, kuma ana buƙatar kayanta. Sai aka samo 'yar wani malami daga aji biyu, yarinya mai natsuwa da saurin hadda. Mako guda ana koya mata a ofis ta riƙa kaɗa jiki tana kawar da ido, amma kaɗan-kaɗan, gwargwadon da ba zai tayar wa manyan baƙi hankali ba. Larurar suke so ki gani, ranki ya daɗe, amma wankakkiya, gogaggiya, wadda ta san lokacin yin shiru.

6. Wannan sakin layin ne ya sa na yaga takardu biyu na farko.

Ba a jan Uwata zuwa wurin da ba ta sani ba. Da an gwada, da kin ji ihunta tun daga bakin titi. A shafi na ashirin da uku na littafinta, marigayiya ta rubuta yadda ake kai ta wani ɗaki ba kuka. A gaya mata minti biyar kafin lokaci. A nuna mata ƙofar. A bar ta ta shige gaba. Sannan a faɗa mata abin da zai faru ta fito, abin da za ta ji da kunnenta ko ta gani da idonta. A ƙarƙashin wannan ta ja layi biyu, ta rubuta cewa kada a taɓa yi mata alkawarin da ba za a cika ba, don ita jira za ta yi.

Sun bi shafin nan daki-daki. Da ƙarfe tara da rabi malamar ajinsu ta durƙusa gefenta ta gaya mata. Ta nuna mata ƙofar sito. Ta miƙa hannu, Uwata ta saka mata tef da abin toshe kunne. Ta ce mata idan ƙararrawa ta kaɗa za ta fito ta karɓi kayanta. Yarinyar ta shige gaba da ƙafarta, aka ja ƙyaure, aka sa kwaɗo, aka ajiye wa mai shara kujera a bakin ƙofa.

Ranar ba a kaɗa ƙararrawa ba. Hedimasta ya hana, don kada ta katse jawabinki. Janaretan da aka tayar saboda lasifika kuma a jikin bangon siton yake.

Mai shara ta ce awa ɗaya na farko ba ta ji komai ba. Ta leƙa ta ramin ƙyaure ta ga yarinyar tsaye ƙiƙam, fuskarta na kallon ƙofa, hannuwa a kunne. Daga baya ta fara jin bugu a jikin katako, ɗaya bayan ɗaya. Ta je neman makulli, aka ce yana aljihun hedimasta, hedimasta kuma yana gefenki yana nuna miki lambun furanni. Ta dawo ta zauna a ƙasa tana yi mata waƙa ta ƙarƙashin ƙofa, ko da ta san ƙarar janareta ta danne muryarta. An buɗe da ƙarfe ɗaya da kwata, bayan motarki ta fita. Awa uku da minti arba'in da biyar.

Mace ta kwanta a gadon mutuwa ta rubuta yadda za a samu yardar 'yarta. Da wannan rubutun aka yaudari 'yar. Na yi shekara ashirin da shida cikin littattafai, ban ci karo da sunan da ya dace da wannan aiki ba.

7. Ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, na same shi a ofis, na ajiye masa mujallar a buɗe. Bai musa ba. Ya rufe ƙofa, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi tun muna yara, ya ce in bar abin nan, ni ma na san yadda ake yi, ba wanda ke tarbar baƙo da tsumma a tsakar gida. Ya ce lambar yabon za ta jawo wa makarantar kayan aiki da horon malamai, kuma yara irin Uwata ne za su amfana, don haka in aka duba da kyau, taimako ta yi. Ya ce yara irinta ba sa riƙe abu, zuwa hutu ta manta. Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da tef ɗin da abin toshe kunnen, waɗanda aka yi kusan wata ana nema. Littafin marigayiya kuwa ya ce yana wajen mai buga takardu.

Na kai wa Uwata tef ɗin. Ta dube shi, ta mayar da hannuwanta baya. Yana nan a kan keken ɗinkin uwarta, ba ta ko bi ta gefensa.

Malamar ajinsu ta hango ni ina fita daga ofis, ta koma cikin aji. Ban bi ta ba. Umarni aka ba ta, na sani, kuma tana da bakunan da take ciyarwa. Amma hannunta ne aka miƙa.

8. Kwana uku bayan haka, Alhamis 6 ga Nuwamba, masinja ya kawo mini takarda mai hatimin makaranta. Tana tunatar da ni, cikin ladabi, dokar sashenki: ɗalibin da ya yi kwana talatin na karatu a jere bai zo ba, za a soke sunansa. Kwana na talatin zai cika ranar Laraba, 19 ga Nuwamba. In an soke ta, babu sauran wata lamba 417 da wani zai zo ya ce a nuna masa. Lambar yabo za ta ci gaba da rataya a bango, hoton kuma ya zama shi ne gaskiya.

Ina sanar da ofishinki cewa 'yata ba ta yi fashin ko kwana ɗaya ba. Kullum da ƙarfe bakwai da kwata tana sa yunifom da kanta, ta ɗauki jaka, mu taho. Muna tsayawa a tsallaken titi, jikin turken wutar lantarki, daura da ƙofar makaranta, har a gama taron safe. Tagar ofishin hedimasta na kallon wurin. Yana ganin mu, sannan ya sa a rubuta ba ta zo ba. A mako na uku ta yi maganarta ta farko a wurin. Ta tambaye ni ko an kaɗa ƙararrawar. Ana kaɗa ta kullum a kan kunnenta, amma ba wannan take nufi ba.

Babu wata makarantar da za ta karɓe ta a kusa. Na gwada uku kafin wannan, kowacce ta ce ba ta da gurbi da zarar an ga abin toshe kunnen.

9. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ina roƙon a gafarce ni in faɗi wannan. Ban ce kin san abin da aka shirya ba. Amma kin ba da sanarwar mako biyu, wanda ya isa a fente bango, a dasa furanni, a kuma horar da yarinya. Ba ki nemi ganin uba ko uwa ba. Ba ki duba hoton da ke kan katin rajista ba. Shafi na huɗu na ɗan littafin da kika yaba, wanda mujallarki ta tsakuro daga cikinsa, ya ce kada a rungume ta, ke kuma kika rungumi wadda aka sa a kujerarta, ta kwanta a kafaɗarki, ba wanda ya yi mamaki a cikin tawagarki. Mai duba makaranta da ke aiko da ranar zuwansa, abin da aka shirya masa yake dubawa.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon ofishinki da ya yi waɗannan:

(a) A dakatar da soke sunan ɗaliba mai lamba 417, kuma a rubuta duk ranakun da ta tsaya a ƙofa a matsayin ta zo.

(b) A dawo mini da littafin matata, na ainihi mai koren bango, ba kwafi ba. Idan ana so a ci gaba da amfani da abin da ke ciki, na yarda, don ta rubuta shi ne a yi aiki da shi. Amma a cire sunan wanda bai rubuta ba, a sa nata.

(c) A buga gyara a mujallarki, a shafin da aka yi kuskuren, ba a can ƙarshe cikin sanarwar canjin wurin aiki ba.

(d) A binciki gyaran ranar baƙi, a kuma tambayi iyayen yaran nan huɗu abin da aka gaya musu.

(e) Kada a taɓa aikin mai shara. Kada kuma a tsawata wa yarinyar da aka sa a kujerar. Shekararta bakwai, manya suka ce ta yi, ta yi, kuma an ce ta yi da kyau.

Game da hedimasta, ban nemi komai ba. Ofishinki ya san dokokinsa. Abin da ke tsakanina da shi kuma ba na ofis ba ne.

A ƙarshe, ina roƙon ki duba kwanan wata. Ranar Litinin da ta wuce Uwata ta saki turken wutar. Ranar Laraba ta sauka daga dakalin titi. Ranar Juma'a ta tsallaka har ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kwalbatin da ke gaban makarantar, ta tsaya, ta juya muka koma gida. Na auna da ƙafata bayan an tashi: daga kwalbatin zuwa ƙofa taku goma sha ɗaya ne irin nata. Tana ƙara taku ɗaya duk bayan kwana biyu, wani lokaci ta koma baya. Kwana bakwai na karatu suka rage. Na yi lissafin ta kowace fuska, ba za ta kai ba. Ita ba a gaggauta ta, ranki ya daɗe, na gwada, marigayiya ma ta gwada. Alƙalamin da zai soke ta ne ake iya tsayarwa, kuma a hannunki ikon yake.

Ina jiran amsar ofishinki kafin ranar 19 ga wata. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki ikon yin adalci.

Naki cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Mahaifin ɗaliba mai lamba 417.

An haɗa da: kwafin katin rajista mai hotonta, kwafin shafi na shida na mujallar sashe, kwafin takardar kayan sito, takardar asibiti ta 8 ga Oktoba game da kumburin goshi, takardar makaranta ta 6 ga Nuwamba.